Yadda mai ƙaramin tambarin sutura zai ɗinka kayansa a Damagaram ya ci riba

Mai ƙaramin jari da ke son fitar da sutura da sunansa yakan fara tunanin Sin ko Turkiyya ko Dubai, don ya ji an ce ɗinki a can ya fi araha. Gaskiya ne kuɗin riga ɗaya a can yakan fi sauƙi, sai dai masana'antun can ba sa yanka riga ashirin. Suna neman ɗaruruwa a kowane salo da kowace kala, kuɗi kuma a gaba. Daga nan kaya su hau jirgin ruwa, su yi wata da wani abu kafin su iso gaɓar teku, sannan mota ta ɗauko su zuwa Yamai, daga Yamai kuma akwai kusan kilomita 900 kafin Damagaram. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 hanyar ma ta ƙara tsawo, domin rufe iyakar Benin ya tilasta wa ƴan kasuwa da yawa bi ta Lome da Burkina Faso. Duk tsawon wannan lokaci kuɗinka na kwance, ba ka juya su.

A nan amfanin ɗinkin gida yake: kana yanka kaɗan, ka sayar, ka ga abin da mutane suka so, ka sake yankawa. Ga lissafi na misali, kowa ya sa farashin da ya tarar a kasuwa ranar da zai saya. A ce kaftani da wando sun ci mita 4 na shadda mai matsakaicin kuɗi a kan sefa 3,000 kowace mita, 12,000 ke nan. Ɗinki 4,000, aikin wuya 2,500, zare da maɓalli da gam 700, guga da leda da lamba 500. Jimilla 19,700. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda ɓarna da gyara, ya kai kusan 21,700. Guda ashirin sun tashi 434,000. Wanda ya yi odar guda 300 daga waje a kan 14,000 kowanne, ya zuba miliyan 4 da 200,000 tun kafin ya biya mota da duwan. Rigarsa ta fi araha, amma idan kalar ba ta shiga ba ko hannu ya yi gajarta, guda 300 ne suka zauna masa. Kai kuwa ashirin ne, kuma telan da zai gyara yana Zango ko Sabon Gari, ɗan kabu-kabu zai kai ka cikin minti goma.

Sai dai wannan riba ba ta zuwa da kanta. Telan Damagaram ya saba ɗinka wa mutum ne, mutumin da ya tsaya gabansa ya auna shi. Bai saba ɗinka riga ashirin iri ɗaya sak ga mutanen da bai taɓa gani ba. Gwanintarsa ba ta da matsala, aikin ne daban. Yawancin asarar da masu tambari ke yi daga nan take fitowa, don haka mafi yawan bayanin nan a kan wannan zai tsaya.

Abin da ya dace a ɗinka a gida

Ba kowace sutura ba. Kaftani, jamfa, babbar riga, doguwar rigar mata, riga da zani, hijabi, kayan yara na atamfa da yadi, kayan makaranta, waɗannan telolinmu sun fi masana'antar waje sanin yadda ake son su zauna a jiki. Rigar shan iska mai talewa, wandon jins da safa kuwa suna neman kekuna na musamman, kuma ba za ka iya yin gasa da gwanjo da kayan Sin a kansu ba. Bar su.

Kuma a faɗi gaskiya, yadin kansa yawanci daga waje yake zuwa. Shadda mai tsada irin Getzner daga Ostiriya take, mai sauƙin kuɗi daga Sin, atamfa ma haka. Abin da ake yi a gida shi ne yanka, ɗinki, aikin wuya, bugu da guga. Wanda ke son ƙara wani abu da babu shi a kayan waje, sai ya nemi saƙi wajen masaƙa ya sa a wuya ko bakin hannu, ko ya haɗa kai da dukawa, tun da garin nan an san shi da aikin fata tun tuni.

Awo kafin komai

Kada ka kwafo jadawalin awo daga intanet. An yi shi ne don jikin wasu mutane da irin suturar da suke sawa matsattsiya. Je wajen tela mai ciniki ka roƙe shi ya bar ka ka duba littafin awonsa, ba tare da ka kwafi sunan kowa ba. Ɗauki awon mutum talatin zuwa hamsin: ƙirji, kafaɗa, tsawon hannu, wuya, tsawon riga, ƙugu, tsawon wando. Jera su daga ƙarami zuwa babba, za ka ga inda mutane suka fi taruwa. A nan za ka kafa girman tsakiya, sannan ka fitar da ɗaya a ƙasa da biyu a sama. Tsakanin girma da girma a bar santimita 4 zuwa 5 a kewayen ƙirji, santimita 1 zuwa 1.5 a kafaɗa, santimita 1 a wuya. Ka tambayi telan ko awon da ya rubuta na jiki ne ko na riga ɗinkakkiya, domin wasu suna haɗa sakin tun wajen aunawa. Kaftanin maza yana son saki na santimita 14 zuwa 20 a kan ƙirjin mutum, in ba haka ba zai kama shi a hammata idan ya ɗaga hannu ko ya yi ruku'u.

Tsawo kuma a ware shi daban. A nan akwai dogo siriri da yawa, wanda ƙirjinsa ƙarami ne amma rigarsa tana neman ta sauka ƙasa da gwiwa sosai. Idan ka ɗaura tsawo a kan faɗi, za ka rasa shi. Yi tsawo biyu ko uku a kowane girma, da tazarar santimita 5 zuwa 6.

Abu ɗaya da ke jawo rigima ba gaira ba dalili: wani tela da inci yake aiki, musamman wanda ya yi koyo a Kano, wani kuma da santimita. Haka ma wajen saye, a Kantin Kwari na Kano da ma'aunin yadi ake aunawa, a nan da mita, kuma yadi ɗaya santimita 91 ne da ɗigo, bai kai mita ba. Wanda ya lissafa mita 80 ya sayo yadi 80 ya dawo da ƙarancin kusan mita 7. Zaɓi ma'auni ɗaya ka rubuta komai da shi, ka saya wa duk telolinka igiyar awo iri ɗaya, domin tsohuwa tana miƙewa.

Samfuri da kwalin yanka

Zaɓi tela ɗaya, wanda hannunsa ya fi kyau a yanka, ya ɗinka guda ɗaya a girman tsakiya da yadi mai araha amma mai nauyi irin na wanda za a yi aiki da shi. A sa wa mutum biyu ko uku, su zauna, su durƙusa, su miƙa hannu, su sa hannu a aljihu. A gyara, a sake. Idan ya yi, sai a ɗinka na biyu da ainihin yadin. Wannan na biyun ba na sayarwa ba ne. Sa masa hannu da alƙalami a cikin shafi, ka rataye shi a shago, shi ne alƙali duk ranar da gardama ta taso.

Daga nan a fitar da kowane ɓangare a kan kwali mai kauri: gaba, baya, hannu, wuya, aljihu, ƙafar wando, hantsa. A kan kowane kwali a rubuta sunan salo, girma, guda nawa za a yanka, da faɗin da aka bari don ɗinki, santimita 1 ko 1.5. A ja kibiya da ke nuna tsawon yadi. Kibiyar nan kada a raina ta. Dole ta tafi daidai da bakin yadi. Idan mai yanka ya karkatar da kwalin don ya tsimi yadi, wandon zai fito lafiya daga shago, amma wanki ɗaya ƙafarsa za ta murɗe, ɗinkin gefe ya dawo gaban ƙwauri, kuma babu gugar da za ta mayar da shi.

Haɗa da takarda guda ga kowane salo: zanen gaba da baya, jadawalin awo, lambar zare, yawan maɓalli da tazararsu, inda aljihu zai zauna daga kafaɗa, inda za a liƙa lambar tambari. A rubuta kuma iyakar kuskuren da za ka karɓa, misali santimita 1 sama ko ƙasa. Idan telan ba ya karanta boko, zane da lambobi sun isa, kuma a karanta masa sau ɗaya gaban samfurin.

Sayen yadi

Kasuwar Dole ta wadatar da ƙaramin aiki, kuma ranar Alhamis an fi samun kaya. Idan adadin ya yi yawa, Kantin Kwari a Kano yana da nisan kusan kilomita 240 ta Matamai da Daura. Kafin ka tafi, lissafa canjin naira na ranar, kuɗin mota da na duwan, ka ga ko bambancin ya cancanci tafiyar. Kada kuma ka jingina aikinka gaba ɗaya da wannan hanya. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa bayan Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Salon da za a iya yinsa da yadi iri biyu ko uku ya fi wanda sai da yadi ɗaya tak.

Sayi duk abin da zubi ɗaya ke buƙata daga bandir ɗaya. Fari da fari suna bambanta, shuɗi ma haka, kuma ba a ganin bambancin cikin duhun rumfa sai an fito rana, lokacin da riga da wando suka riga suka zama kala biyu. Auna faɗin yadin da kanka. Atamfa takan kai santimita 115 zuwa 120, shadda kuwa daga 140 zuwa 160, kuma wannan bambanci yana canza yawan mitan da za a ci. Atamfar da zanenta ke kallon gefe ɗaya, kamar tsuntsu ko fure mai kai, ta fi cin yadi domin ba a juya kwali a kanta, sai ka ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin 100.

Kafin almakashi ya taɓa komai, yanki santimita 50 a tsawo da 50 a faɗi, ka wanke da sabulun da mutane ke amfani da shi, ka shanya, ka goge, ka sake aunawa. Auduga takan ja da kashi 3 zuwa 5 cikin 100. A rigar da tsawonta ya kai santimita 110, wannan ya kai santimita 3 zuwa 5 da rabi. Yadin auduga da atamfa ana iya jiƙa su duka kafin yanka. Shadda kuwa ba a jiƙa ta, domin ƙyallinta shi ake saye, sai dai a ƙara abin da za ta ja a kan kwalin. Goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan yankin da ka wanke. In ya ɗauki kala, yadin yana zuba, kada ka haɗa shi da farin shafi ko farin zaren aiki.

Yanka wuri ɗaya, ɗinki wurare da yawa

Kada ka raba wa teloli yadi kowa ya yanka nasa. Mutum ɗaya ya yanka duka a kan babban tebur a gabanka ko gaban wanda ka amince da shi. Ana iya shimfiɗa yadi falle huɗu zuwa shida a yanka lokaci guda da almakashi mai kaifi, a danne da nauyi don kada ya zame, musamman shadda mai santsi. Fiye da haka na ƙasa zai fi na sama girma. A ɗaure ɓangarorin kowace riga wuri ɗaya da ƴar takarda mai lamba da girma. Da wannan ka san yawan abin da ya fita da yawan abin da ya kamata ya dawo, kuma ƙyallayen da suka rage naka ne. Manyansu suna isa rigar jariri, aljihu, ko jakar da za a saka kayan a ciki.

Ɓangaren da za a yi wa aiki ya fara zuwa wajen mai surfani kafin a haɗa rigar, a liƙa masa gam ko takarda a baya. Idan babu wannan, zaren aikin zai tattaro yadin, wuyan ya yi ƙundumi ya ƙi kwanciya. Ba shi zanen a kan takarda da ainihin girmansa, kada ka ce masa «irin na jiya».

Wajen ɗinki, abubuwan da ke ɓaci kusan kullum iri ɗaya ne. Ɗinki ya tattare: zaren sama ya yi tsauri, ko allura ta yi wa yadin kauri. Yadi marar nauyi yana son allura lamba 70 ko 80, atamfa da shadda 80 ko 90, mai kauri 100. Keke yana tsallake: allura ta dakushe ko ta lanƙwashe, a canza ta bayan kamar awa takwas na aiki, kada a jira sai ta karye. Tazarar ɗinki ta zama kamar huɗu a kowace santimita. Tela mai sauri yakan buɗe ta don ya gama da wuri, sai hantsa da hammata su farke. A waɗannan wurare biyu da bakin aljihu a bi sau biyu. Bakin yadi na ciki a ɗaure shi da keken obalok ko a kalmashe, in ba haka ba zai riƙa zarewa. Shadda kuma ba ta yafe kuskure, duk inda aka farke sai ramin allura ya zauna, shi ya sa ba a ba ɗan koyo ita.

Ƙurar hunturu tana shiga cikin keke ta haɗu da mai. A share ƙarƙashin farantin allura kowace safiya, kuma bayan an zuba mai a fara bi ta kan ƙyalle har ya daina fitar da tabo kafin a ɗora farar shadda.

Wuta ma sai an yi shiri da ita. Wani ɓangare na lantarkin yankin nan daga Najeriya yake zuwa, kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke shi a Agustan 2023, kuma ko a lokacin lafiya watannin Afrilu da Mayu ba sa rasa ɗaukewa. Keken masana'anta irin Juki ko Jack ya fi sauri da tsabtar ɗinki, kuma mai sabon moto da ba ya juyawa sai an taka shi ya fi sauƙin ɗorawa a kan sola. Amma shagon da ke da keken ƙafa irin Butterfly a gefe shi ne ba ya tsayawa. Idan za a yi guga da dutsen gawayi, a shimfiɗa farin ƙyalle tsakani, tartsatsi ɗaya ya isa ya kashe riga.

Lokaci da kuɗin tela

Wanda ya kai wa tela aikin tambari a tsakiyar azumi ya san abin da zai tarar. A lokacin kowane keke cike yake da ɗinkin Sallah, kuɗin ɗinki ya hau, ana kwana ana aiki, kuma mai riga ɗaya da ke zaune a shago yana jira shi za a fara sallama kafin kai. Kayan ƙaramar Sallah a yanka su a Rajab, a gama kafin ƙarshen Sha'aban. Na babbar Sallah a fara su da an sha ruwa, cikin Shawwal. Bayan layya aiki yakan ja baya, sai gab da komawa makaranta a Oktoba, kuma wannan ne lokacin yin samfuri da gwada sabon tela. Ka tuna Sallah tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, ita za ta nuna maka ko yadi mai nauyi za ka saya ko marar nauyi.

Tela yana son mai kawo masa aiki a lokacin da babu aiki, wannan shi ne ƙarfin da kake da shi wajen ciniki. Biya kan kowace riga, ba kan wata ba. Raba kuɗin uku: kafin alƙalami ranar da ya karɓi kaya, kashi na biyu idan ya kawo rabi an duba, ragowar bayan an duba duka. Kada ka matse farashi har ya kai inda zai ba yaransa aikin. A rubuta adadi, farashi, ranar kawowa da wanda zai biya yadin da aka ɓata, gaban shaida ɗaya. Ko ɗan'uwanka ne a rubuta. Fara ba sabon tela guda uku kawai, ka duba ta farko kafin ya taɓa ta biyu.

Dubawa kuma a yi ta da rana, kowace riga, tun da ba su da yawa. Juya ta ciki, shimfiɗa ta, auna ƙirji, tsawo da hannu, ninka ta biyu ka ga ko kafaɗa da hannuwa sun yi daidai. Ja ɗinkin hammata da hannu biyu. Ɓalle kowane maɓalli ka mayar, zuge zif sau uku, zura zariya ka ga ko kubaka ta ishe ta. Abin da ya wuce iyakar da aka rubuta ya koma.

Bayan an sayar

Riƙe littafi: wane girma ya fara ƙarewa, wace kala ta zauna, me aka dawo da shi kuma don me. Idan mutum uku sun ce wuya ya matse, a gyara kwalin a ranar, zubi na gaba ya fito daidai. Salon da ya ƙare cikin mako biyu a sake yanka shi nan take, wanda ya zauna a bar shi. Ana iya ma ɗora hoton samfurin a WhatsApp ko Facebook, a karɓi rabin kuɗi ta Nita ko Al Izza daga masu saye a Yamai, Maraɗi da Agadas, sannan a yanka daidai yawan waɗanda suka biya, a aika a motar fasinja.

Idan ciniki ya kankama, yi rajistar kasuwanci ka karɓi lambar haraji, domin makarantu da ma'aikatu ba sa ba da aikin kayan ɗalibai ko na ma'aikata sai da takarda. Sunan tambarin kuma ana kare shi ta OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17 har da Nijar, na tsawon shekara 10 ana sabuntawa. Najeriya ba ta cikin waɗannan ƙasashe, don haka mai niyyar sayarwa a Kano ko Katsina sai ya yi wata rajistar daban a can.